Bisashen Dada Akouavi

A layin da ke bayan masallacin Zango a Kwatano, in ka tambayi gidan marigayi Tahirou direba sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka. Amma ka ce gidan Karimatou mai awara, ko ɗan zem, mai babur ɗin haya, da ya fara ɗaukar fasinja jiya zai sauke ka a ƙofa. Tun tana amarya take jiƙa waken soya, ta kai niƙa, ta tace da farin ƙyalle, ta tafasa madarar a wata tukunya da yaro zai iya wanka a ciki, ta zuba ruwan tsami ta tsaya tana kallo har ta kama. Yanzu furfura ta cika mata kai. Hannayenta sun yi fari-fari saboda zaman ruwa, idanunta kuwa hayaƙi ya daɗe yana cin su.

Mace ce mai tsare mutunci, har ma takan wuce gona da iri. Ba a taɓa jin muryarta a bakin famfo ba, ba ta aron tukunya, ba ta tsayuwar gulma a ƙofar gida. A Zango kowa ya san kakan kowa da abin da ya ɗauko a ka ranar da ya sauka garin, don haka suna shi ne jarin mai ƙaramin ƙarfi. Karimatou ba ta da shago a babbar kasuwar Dantokpa, ba ta da ɗa a Faransa, ba ta taka Makka ba. Abin da take da shi kawai shi ne a ce awararta mai tsarki ce, da ita ake buɗa baki a masallaci in azumi ya zo. Wannan sunan take tsaro dare da rana, kuma abu ɗaya ne tak ta san zai iya ɓata shi.

Abin ya samo asali ne daga kasuwar Gbégamey, inda ta fara kafa kaskonta. Maƙwabciyarta a rumfa wata Bafonniya ce, 'yar asalin ƙasar, mai sayar da tumatir da barkono, Akouavi, Kirista mai zuwa coci da farin kallabi. Ta girmi Karimatou kaɗan, shi ya sa Karimatou take kiranta Dada, kamar yadda mutanen garin ke kiran yaya. Duk lokacin sallah Akouavi ce ke tsare mata kasko, har ta ƙware wajen juya awara. Da motar Tahirou ta faɗi a hanyar Parakou aka kawo gawarsa, Karimatou ta shiga takaba da ƙaramin yaro a hannu, dangin miji suka yi gaisuwa suka watse. Akouavi ce ta riƙa zuwa Zango da safe tana ɗaukar awarar a ka, ta sayar tare da tumatirinta, ta dawo da yamma, har aka gama takabar. Ko sau ɗaya ba ta yi mata gori ba.

Daga baya ƙafafun Akouavi suka gaji da kasuwa, ta koma wani ɗan fili da mijinta ya bari a bayan Calavi ta fara kiwo. Kiwon da mutanenta suka sani shi ta yi, wato aladu. Wata rana ta zo ta roƙi dusar awara, wadda a lokacin Karimatou zubarwa take yi a kwata ko ta bai wa duk mai rago da ya zo da bokiti. Karimatou ta san me za a yi da ita. Ta dubi matar da ta ɗauki tallarta a ka, bakinta ya kasa cewa a'a.

Ba a yi wata biyu ba Akouavi ta dawo ido jajir. 'Ya'yan aladen da ta yaye suna ta zawo, suna ramewa. Likitan dabbobin da ta kira ya tambayi abin da suke ci, da ya ga dusar sai ya yi mata bayani, ita kuma ta kawo bayanin Zango kamar yadda ta ji shi. Ita dusar awara ɗanya ce, don ana tace ta ne kafin a ɗora madara a wuta. Ɗanyen waken soya kuwa yana da wasu sinadarai a cikinsa, wasu su hana abinci narkewa, wasu su manne a bangon hanji su ƙuje shi. Babbar dabba tana iya jurewa. Rago da akuya ma da sauƙi, tumbinsu yana sarrafa yawancin abin kafin ya isa hanji. Amma ɗan alade da aka raba da nono jiya, hanjinsa sabo ne mai laushi, bai saba da komai ba sai madara. In ɗanyen wake ya same shi, abinci sai ya riƙa wucewa kamar ruwa a kwando. Maganin dai wuta ce, a dafa dusar ta dahu sosai.

Akouavi ta gwada dafawa a can, amma kafin dusa ta ratsa zafin Kwatano da cunkoson hanyar Calavi ta riga ta fara tsami, ga itace da tsada. Sai Karimatou ta ce a bar mata. Kullum in ta gama suya garwashi yana saura a murhu yana ci a banza. Tun daga ranar, aikinta na ƙarshe kafin ta wanke hannu shi ne ta juye dusa a babbar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta yi ta juyawa da muciya har warin ɗanyen wake ya fita, ta yi ja-ja tana ƙamshi kamar gyaɗa. In ta huce ta ɗura a buhu, Rafiou mai zem ya ɗaure a bayan babur ya tafi da ita.

Shekara ashirin ana haka, kuma a cikin shekarun nan sunan dabbar bai taɓa fita daga bakinta ba. A gidan da ta tashi, yaro in ya faɗi sunan sai an sa shi ya tofar da yawu. In dole ta kama, manya kan ce mugun dawa, ko su ce wancan abin. Ita Karimatou hanyar da ta samu ta fi wannan wayo. In an tambaye ta ina buhu zai je, sai ta ce na bisashen Dada ne. A kunnen ɗan Zango, wanda rabin jininsa daga Gaya ne ko Dosso, bisashe tumaki ne da awaki. Ba ta yi ƙarya ba, haka take gaya wa kanta in ta kwanta. Akouavi ma ta fahimci zancen ba tare da an gaya mata ba. Don girmama gidan, in ta shigo Zango ba ta ambatar su da suna, sai ta ce yarana. Matan nan biyu sun yi shekara ashirin suna zancen abu ɗaya, ɗaya na cewa bisashe, ɗaya na cewa yara, suna ganin sun yi dabara.

Bara waccan, annobar da ke kashe aladu ta shiga yankin su Akouavi ta share mata garke kaf. Tsohuwa ta zauna hannu biyu babu komai. Wani ɗan cocinsu ya tausaya ya ba ta uwa guda mai ciki, a kan ta yi kiwo su raba 'ya'ya. Uwar ta haihu lafiya, 'ya'yan suka yi ɓul-ɓul, Akouavi ta aiko Rafiou ya gaya wa Karimatou cewa yara sun kusa yaye, a ƙara dusa.

A daidai wannan lokacin ne idon Karimatou ya ƙi. Yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, har ta fara zuba ruwan tsami a gefen tukunya. Ɗanta Ridwane, wanda ya gaji tuƙin babbar mota daga ubansa, ya kai ta asibiti aka yi mata aiki, kashegari ya kama hanyar arewa da kaya. Likita ya kafa mata doka, ba hayaƙi, ba sunkuyo, ta zauna a ɗaki da baƙin tabarau har sai ya ce ta fito. Sana'a ta koma hannun surukarta Labiba.

Labiba 'yar Djougou ce, ba ta cika shekara a gidan ba. Yarinya ce mai zafin nama da tsafta, mai tattali kamar wadda ta taɓa ganin yunwa. Ubanta kiwon ragunan layya yake yi, a cikin dusa da harawa ta girma. Karimatou ta zaunar da ita a bakin gado ta danƙa mata komai, yadda ake gane wake ya jiƙu, yawan ruwan tsami, zafin mai, waɗanda ake yi wa gyara da waɗanda ba a yi wa. A ƙarshe ta ce dusar bisashen Dada kuma a dafa ta kafin Rafiou ya zo.

Labiba ta ce, "Inna, me ya sa ake dafawa?"

Amsar ta zo wa Karimatou har bakin leɓe. Babu kowa a ɗakin sai su biyu. Amma ta tuna yarinyar baƙuwa ce, tana waya da uwarta kullum, kuma Djougou garin malamai ne. Ta gyara zaman tabarau.

"Ke dai ki dafa. Haka ake yi."

Labiba ta dafa, kwanakin farko. Sai ta lura hayaƙin murhu yana bin taga yana shiga ɗakin surukarta, tana jin tsohuwar tana tari. Don tausayi ta kashe murhun, ta fito da tukunyar gas ɗin da aka yi mata ta aure ta koma suya a kai. Gas kuwa ba ya barin garwashi. A ɗora wannan ƙatuwar tukunya a kansa don abincin raguna, a ganinta almubazzaranci ne da Allah ma zai tambaya. Ta san raguna, ta ga ubanta yana zuba musu dusar awara ɗanya suna ci suna tumbatsa. Sai ta riƙa matse dusar tsaf, ta baza a kan tabarma ta sha iska, ta ɗura a buhu mai tsafta. Da Akouavi ta ga dusa ta zo fara sol, ta tambayi Rafiou, ya ce sabon hannu ne ke aiki a gidan. Ba ta ƙara tambaya ba. Daga gidan Karimatou abu ya fito, ita a wurinta magana ta ƙare.

Ranar da Akouavi ta zo Zango, da la'asar ne. Hajiya Safwana tana ɗakin ta zo dubiya. Ita ce shugabar matan layin, ita ke tsara abincin buɗa baki a masallaci, kuma in ta ce abu bai dace ba, to bai dace ba ke nan har unguwar Sainte-Rita. Akouavi ta cire takalmi a ƙofa, ta gaisa da Hausarta ta kasuwa, ta zauna a ƙasa duk da an nuna mata kujera. Ta yi ta tambayar ido, ta yi ta tambayar Ridwane. Sai can ta dubi Karimatou.

"Maman Ridwane, yarana suna zawo. Huɗu ya tafi."

Hajiya Safwana ta yi salati ta dafe ƙirji. Ta shiga tambaya ko jikoki ne, ko an kai su lopital wajen likita, ko an ba su ruwan gishiri da sukari. Akouavi ta sunkuyar da kai. Karimatou kuwa ta riga ta gane tun daga kalmar farko. Ta kira Labiba ta tambaye ta ko tana dafa dusa.

Yarinyar ba ta ɓoye komai ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta ce ta daina, ta faɗi dalilin hayaƙi da na gas, ta ƙara da cewa a gidansu ɗanya ake ba raguna kuma ba a taɓa ganin ta yi musu komai ba. Tana magana tana duban fuskoki, tana neman inda yara suka shigo cikin zancen raguna.

Akouavi ta gane. Ta dubi Hajiya Safwana, ta dubi ƙawarta da ke zaune a bakin gado, sai ta fara tattara zaninta. Ta ce ba komai, wataƙila wata cuta ce ta iska, za ta koma ta gani, Allah ya ƙara sauƙin ido. Ta miƙe tana dafa bango. Za ta fita ke nan da asararta a ciki, ta bar gidan da sunansa yadda ta same shi.

Wannan ne Karimatou ta kasa ɗauka. Tana iya bari Hajiya ta tafi, ta ja Labiba gefe. Ta yi wannan tunanin, kuma ba za a ce bai yi mata daɗi ba. Amma ta ga bayan tsohuwar nan a bakin ƙofa, ya ranƙwafa, kuma ta san me ya ranƙwafar da shi. Kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba ta rufe ta, ba ta Hajiya ba, ta Dada.

"Dada, zauna." Ta juya wajen surukarta. "'Yar nan, ba raguna ba ne. Aladu ne. 'Ya'yan alade Dada take kiwo, dusata suke ci shekara ashirin. Kin tambaye ni, na hana ki amsa. Ba ki da laifi."

Labiba ta sa hannu ta rufe baki. Hajiya Safwana ta ja mayafinta, ta ce magariba ta gabato, ta yi sallama ta fita.

Washegari Karimatou ta karya dokar likita. Ta sa aka hura murhu, Labiba tana juya muciya tana share hawaye, ita tana tsaye a kai tana shinshina har warin ɗanyen ya fita. Sannan ta hau bayan Rafiou da buhun a tsakaninsu. Ba ta taɓa zuwa gidan Akouavi na Calavi ba, ko sau ɗaya, kullum da uzurin da za ta kawo.

Garken ɗan katanga ne na bulo da rufin kwano. Ta tsaya daga baya ta leƙa, ta cire tabarau. Sabon idon ya nuna mata komai tar, fiye da yadda take so. Ta zaci za ta ji ƙyama, kuma ta ji, don warin ya buge ta. Amma abin da ke kwance a kusurwa 'yan ƙananan halittu ne, ba su fi kyanwa ba, haƙarƙari a waje, gashi a tsaye, sun cure wuri ɗaya suna rawar sanyi da tsakar rana. Ɗaya ya tashi ya nufi kwano, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarsa. Ta goyi yaro mai zawo, ta san wannan kwanciyar. Ba ta san lokacin da ta ce Allah sarki ba.

Likitan dabbobi ya riga ya zo ya yi musu allura ya ba da magani. Ya ce hanjin ya ƙuje, wanda ya tsira ma da wuya ya yi girman kirki. Haka kuwa aka yi. Dafaffiyar dusa ta zo a makare. Biyu ne suka rayu, 'yan tsigi-tsigi, mai uwar ya zo ya kwashe su da uwarsu ba tare da ya ɗaga murya ba. Akouavi ba ta da ƙarfin sake farawa. 'Yarta da ke aure a Comè ta daɗe tana kiranta ta koma can, tana ƙi, yanzu ta amsa.

Ta biyo ta Zango ta yi sallama, kayanta a ɗaure cikin zani. Karimatou ta roƙe ta gafara. Akouavi ta ce babu abin yafewa, ita ma da ta buɗe baki ta yi tambaya ranar da dusa ta canza launi, da ba a kai nan ba. Suka zauna a inuwar katanga irin zaman waɗanda suka san ƙafafunsu ba za su ƙara kai su ga juna ba. Karimatou ta ƙunsa mata awara ta hanya.

Bayan nan ta zauna jiran hukuncin Zango. Ta hana a kafa kasko. Ta riga ta shirya wa kanta komai, yadda za a daina aiko yara da kwano, yadda za a nemi wata ta yi awarar azumi, yadda za a riƙa yin shiru in ta shiga gidan suna. Ba ta fita ko ƙofar gida. Labiba tana kawo mata abinci tana mayarwa.

Ran nan da hantsi aka yi sallama, sai ga Hajiya Safwana da kanta, da kwanon silba a hannu. Ta zauna ta yi gaisuwa, sannan ta tambaya ko lafiya layi ya kwana biyu babu awara, maigidanta Alhaji har ya fara mita. Karimatou ta ɗauka gatse ne. Ta ce ai Hajiya ta ji abin da ta ji da kunnenta.

Hajiya Safwana ta ajiye kwanon.

"Maman Ridwane, wa kike zaton bai sani ba? Rafiou a ƙofar masallaci yake ajiye babur. Tun Ridwane yana ɗalibi a lekkol muka sani. Mun san kuma wadda ta ɗauki tallarki lokacin takaba, da mu muna gidajenmu. Mun ga ba ki son a faɗa, muka yi miki kara. Ni ranar nan tashi na yi don kada in ƙara miki nauyi."

A tsakar gida Karimatou tana jin Labiba tana wanke babbar tukunya.

"Duk layin nan?"

"Duk layin."

"Ban da yarinyar nan."

"Ita baƙuwa ce. Wa zai gaya mata, in ba ke ba?"

Karimatou ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon Hajiya, ta ce a aiko gobe da safe. Sai da baƙuwar ta fita sannan kukan ya zo mata, likita kuwa ya hana ta murza idon, don haka ta bar hawayen suna zuba.